Yadda Ake Daskarar da Zuma Ta Yi Laushi

A cikin abubuwan da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa ɗan Adam domin ci da magani, da wuya a sami wanda mutanenmu suke girmamawa, kuma suke yawan yi wa mummunan zato, kamar zuma. Ga sura sukutum a cikin Alƙur'ani mai girma da ke ɗauke da sunan ƙudan da ke yin ta, ga malaman ɗibbu na da da na yanzu ba su gushe ba suna ambaton fa'idodinta, amma duk da haka mutum zai sayi kwalba guda a kasuwa ya kai gida ya ajiye, idan sanyin hunturu ya kankama ya duba ya ga ta yi kauri, ta yi fari-fari daga gindi, ya lasa ya ji tana garas-garas a tsakanin haƙora, sai nan take ya yanke hukunci cewa an yi masa algus da sukari. Sau da yawa kuwa wannan hukunci zalunci ne a kan mai sayarwa, gama daskarewa ɗabi'a ce da aka halicci galibin zuma da ita, kuma ko da mutum shi ya ɗebo ta daga amya da hannunsa, ya rufe ya ajiye ba wanda ya taɓa, idan lokacinta ya yi sai ta daskare.

A wasu ƙasashe masu sanyi, kamar Ingila da Jamus da Kanada da Niyu Zilan, al'amarin ya sha bamban da namu, domin a can daskararriyar zuma abar nema ce. Sai dai ba kowace irin daskarewa suke so ba. Wadda suke so ita ce wadda cokali zai yanka ba da wahala ba, a shafa ta a burodi ta kwanta sumul ba ta tsiyaya, idan kuma aka kai ta baki ta narke ba tare da harshe ya ji ko ƙwaya ɗaya ba. Ba a zuba mata madara, ba a zuba mata mai, ba a zuba mata gari. Zuma ce tsantsa, abin da aka sa wa hannu kawai shi ne yadda za ta daskare. Da yawa daga cikin waɗanda suka gwanance a wannan aiki a Ingila ba manyan 'yan kasuwa ba ne, malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis da dattawan da suka ajiye aiki, masu amya biyu ko biyar a bayan gida, waɗanda ke kiwon zuma don sha'awa, suna taruwa a ƙananan ƙungiyoyinsu ƙarƙashin babbar ƙungiyar masu kiwon zuma ta Birtaniya da aka kafa tun 1874, suna kuma kai kwalabensu gasa inda alƙalai ke buɗe murfi su duba, su ɗanɗana, su fitar da gwani. Abin da ya sa na ga ya dace a kawo wa mai karatu bayanin aikinsu shi ne, ba ya bukatar injin masana'anta ko jari mai yawa. Sanin sababi yake bukata, da tsabta, da wuri mai sanyi, da haƙurin jira.

To, mene ne sababin daskarewar? Ƙudan zuma suna ɗebo ruwan furanni ne yana tsararo, wani lokaci ruwan da ke cikinsa yakan kai kashi 70 ko 80 cikin 100, su kawo shi gida su zuba a ramukan saƙa, su yi ta yi masa fifita da fikafikansu har ruwan ya ragu ya koma wajen kashi 17 ko 18, sa'an nan su liƙe bakin kowane rami da kaki. Abin da ya saura galibinsa sukari ne iri biyu, waɗanda masana kimiyya ke kira furuktos da gulukos. Na farko a matsakaicin lissafi yakan kai kashi 38, na biyu kuwa kashi 31. Furuktos yana iya zama a narke ko da ruwan kaɗan ne. Gulukos kuwa ba haka yake ba, domin adadinsa a cikin zuma ya zarce abin da ɗan ruwan nan zai iya riƙewa, saboda haka kullum yana neman hanyar rabuwa da shi. Muddin zuma tana cikin amya, inda ƙudan ke riƙe da ɗumi na wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyas a tsakiyar gidansu, ɗumin nan yana taimaka mata ta zauna a narke. Amma da zarar an fitar da ita ta sha sanyi, sai gulukos ya fara tattaruwa a jikin duk wani ɗan abu da ya tarar, ko ƙurar fure, ko ɓarɓashin kaki, ko 'yar kumfar iska, ya zama ƙwaya, ƙwayar ta yi ta girma, har ƙwayoyin su sarƙe da juna su kame sauran zumar a tsakaninsu.

Saurin wannan al'amari ya danganta ga irin furen da ƙudan suka yi kiwo a kai. A Ingila, tun daga shekarun 1970 da noman kanola ya yaɗu, wato wani tsiro mai fure rawaya da ake matse mai daga 'ya'yansa, masu kiwon zuma sun san cewa idan gonaki suka yi rawaya a watan Afrilu da Mayu to ba su ga ta zama ba, domin zumar kanola gulukos ya yi mata yawa, tana iya daskarewa cikin 'yan kwanaki, har ma a cikin saƙa tun ba a tatse ta ba, kuma in aka bar ta a bokiti takan yi taurin da zai lanƙwasa cokali. Zumar auduga ma tana cikin masu saurin daskarewa. Kishiyar waɗannan ita ce zumar wata bishiya mai farin fure da ta yi yawa a ƙasar Hangari, wadda suke kira akasiya. Ita furuktos ne ya rinjaya a cikinta, tana iya yin shekara ko fiye ba ta motsa ba. Daga nan mai hankali zai gane cewa daskarewa ba hujja ba ce ta algus, kamar yadda rashin daskarewa ba hujja ba ce ta tsarki, kuma duk wanda ke son ya tabbatar da ingancin zuma sai ya nemi wata hanya ba wannan ba.

Jigon aikin duka yana ga girman ƙwayar. Idan wuraren da gulukos zai fara kamawa kaɗan ne, kuma daskarewar ta tafi sannu a hankali wata da watanni, sai kowace ƙwaya ta sami sarari ta yi ta janyo abin da ke kewaye da ita har ta ƙasaita, zumar ta fito da tsaki-tsaki, marar daɗin baki. Idan kuwa wuraren suka yi yawan da ba sa ƙirguwa, kuma daskarewar ta zo da hanzari, sai gulukos ɗin ya rarrabu a tsakaninsu, babu ƙwayar da za ta sami abin da zai ishe ta girma, dukansu su tsaya ƙanana ƙwarai yadda harshe ba zai iya rarrabe su ba. Saboda haka mai wannan sana'a ba ya yaƙi da ɗabi'ar zuma, ba ya kuma ƙoƙarin hana ta abin da ba makawa sai ta yi. Abin da yake yi shi ne ya riga ta, ya cika ta da ƙananan ƙwayoyi tun kafin ta haifar da nata manya, sa'an nan ya ajiye ta a sanyin da zai sa aikin ya gudana da sauri.

Akwai kuma wata illa a cikin mummunar daskarewa wadda ta fi rashin daɗin baki nauyi. Gulukos idan zai daskare ruwa kaɗan yake tafiya da shi, saboda haka ragowar zumar da ba ta daskare ba sai ta ƙara tsinkewa. Idan manyan ƙwayoyi suka nutse ƙasa, tsararon ya taso sama, sai ƙwayoyin yis da ke cikin kowace ɗanyar zuma, waɗanda ƙarancin ruwa ya hana su motsi, su farfaɗo su kama aiki, zumar ta yi kumfa, ta yi tsami, ta ɗauki warin barasa, murfin kwalba ya kumbura. Wannan hasara ce ta sa wani malami ɗan lardin Ontariyo na Kanada, mai suna Elton J. Dyce, wanda ke aiki a kwalejin aikin gona ta garin Guelph, ya tafi Jami'ar Cornell a jihar Niyok ta Amurka don ya yi bincike a kan tsamin zuma da daskarewarta. Ya fitar da sakamakon bincikensa a 1931, a 1935 kuma hukumar Amurka ta ba da takardar shaidar mallakar dabarar, kuma ribar da ta kawo wa jami'ar tana cikin abin da aka gina ɗakin binciken ƙudan zuma da shi, wanda aka buɗe a 1968, yana ɗauke da sunansa har yau.

Ƙa'idar Dyce a taƙaice ita ce, a ɗumama zuma har digiri 66 na kamar minti 15 don a kashe yis, a kuma narkar da duk wata tsohuwar ƙwaya, a tace ta, a sanyaya ta da gaggawa zuwa wajen digiri 24, a gauraya ta da daskararriyar zuma mai laushi gwargwadon kashi ɗaya cikin goma, sa'an nan a ajiye a digiri 14. Duk wanda ke wannan aiki a yau a kan harsashin nan yake gini, ko ya san sunan mutumin ko bai sani ba. Amma ni a ganina mai amya biyu ko uku bai kamata ya bi shi a kan zafin nan na digiri 66 ba. Dyce masana'antu ya yi wa tanadi, inda ake haɗa zumar mutane da yawa wadda ba a san yadda kowa ya ɗebo tasa ba, a kuma aika da ita kantuna masu nisa ta yi watanni a kan kanta. Zafi irin wannan yana korar ƙanshin fure, yana raunana sinadaran da ƙudan ke zubawa daga jikinsu, yana kuma ƙara wani sinadari da ake kira HMF, wanda masu awo ke dubawa don su gane zumar da aka dafa ko ta tsufa. Ƙa'idar abinci ta duniya ta iyakance shi ga miligiram 40 a kilo guda, ta yi rangwame zuwa 80 ga zumar ƙasashe masu zafi irin namu. Wanda ya san zumarsa, ya san ta nuna sosai kafin ya ɗebo, yana da gatan da masana'anta ba ta da shi, kuma abin takaici ne ya watsar da gatan nan a kan wuta.

Sharaɗin barin wannan zafi na Dyce kuwa shi ne ƙarancin ruwa. Ƙa'idar duniya ta yarda da zuma mai ruwa har kashi 20 cikin 100, amma ƙungiyar masu kiwon zuma ta Jamus ba ta yarda a zuba wadda ta wuce kashi 18 a kwalbarta ba, kuma wannan shi ne mizanin da ya kamata mai daskarar da zuma ya riƙe. Akwai wata 'yar na'ura da ake kira rifaraktomita, ba ta fi tafin hannu ba, ana ɗiga mata ɗigon zuma a leƙa ta wajen haske a karanta adadin ruwan, kuma duk mai kiwon zuma da ke da hali ya kamata ya mallake ta. Wanda ba shi da ita, to, kada ya ɗebi saƙa sai wadda ƙudan suka liƙe bakinta da kaki, domin liƙewar ita ce shaidarsu cewa aiki ya kammala. Ya kuma sani cewa zuma tana shan danshi daga iska, saboda haka bokitin da aka bari a buɗe a lokacin damina yana iya ɓata abin da ƙudan suka gyara. Adadin ruwan yana da hannu a laushin ma: wadda ta bushe ƙwarai, ƙasa da kashi 16, takan fito da tauri, wadda kuwa ke tsakanin 17 da 18 ita ta fi ba da abin da ake so.

Idan an sami zumar da ta cika sharaɗi, sai a tace ta da mataci mai ƙananan idanu ko ƙyalle mai tsabta, a fitar da kaki da sauran tarkace, domin kowane ɓarɓashi da aka bari mazauni ne na babbar ƙwaya. In ta riga ta fara daskarewa da tsaki, wajibi ne a narkar da ita sarai tukuna, ta hanyar tsoma bokitin a cikin ruwan ɗumi na digiri 40 zuwa 45, ana juyawa lokaci-lokaci, har ta koma garau ba sauran ƙwaya ko ɗaya; wannan yana iya cin yini guda ko biyu, kuma ba a ɗora zuma a kan wuta kai tsaye ko kaɗan. Masu kiwon zuma na Ingila sukan sami tsohon firji da ya daina aiki, su sa masa ƙwan lantarki da na'urar daidaita zafi a ciki, ya zama akwatin ɗumama bokiti. Mazubin kuwa ya kasance na gilashi, ko roba irin ta abinci, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, domin zuma tana da ɗan tsami a ɗabi'arta wanda ke cin baƙin ƙarfe da kwano, ya ɓata mata launi da ɗanɗano. Bayan ta narke sai a bar ta ta huce zuwa tsakanin digiri 20 da 24.

Yanzu aka zo kan iri, wanda shi ne ruhin aikin. Duk wanda ya ga yadda matan Fulani ke zuba ɗan tsohon kindirmo a cikin sabuwar madara don ta kwanta, ya ga misalin abin da ake nufi, sai dai a wajen zuma ba wani abu mai rai ke aikin ba, siffar ƙwayar ce kawai ake ba gulukos ya yi koyi da ita, ƙananan ƙwayoyi su haifar da ƙanana, manya su haifar da manya. Saboda haka zumar da za a samu ba za ta taɓa fin irinta laushi ba, kuma a nan ne ya kamata mutum ya tsananta bincike. Ya ɗebi ɗan kaɗan ya murza tsakanin harshe da ganɗa, ya kuma murza tsakanin yatsu biyu. In ya ji ko alamar garas, to, ba iri ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi kwalba guda ta zuma mai laushi wadda aka amince da ita. Wanda bai samu ba yana iya yin nasa: ya ɗebi daskararriyar zuma, ko da mai tsaki ce, kamar giram 100, ya zuba a ƙaramin turmi mai tsabta wanda bai taɓa ganin yaji ko daddawa ba, ya yi ta niƙa da haƙuri har ta yi fari ta yi sumul, ya ɗanɗana ya ji ba komai. Aiki ne mai gajiyar da hannu, amma sau ɗaya ake yin sa. Giram 100 ɗin nan sai ya gauraya su da kilo guda na narkakkiyar zuma ya ajiye a sanyi, bayan mako guda ko biyu ya sami kilo guda na iri, wanda zai ishi bokiti mai kilo 10.

Wajen gaurayawa akwai abubuwa biyu da ke kawo cikas. Na farko shi ne zafi, domin idan zumar ba ta huce ba, ta kusa digiri 30 ko ta wuce, sai ƙananan ƙwayoyin irin su narke, wahalar ta tafi a banza. Haka kuma idan irin ya yi sanyi ya taurare ba zai bazu ba, sai ya tsaya dunƙule-dunƙule, don haka akan ajiye shi a wuri mai ɗan ɗumi ya saki jiki, a fara dama shi da 'yar zuma kaɗan kafin a juye shi cikin bokiti. Na biyu shi ne iska. A sa muciya mai tsabta, busasshiya, a yi ta juyawa a hankali daga ƙasa, ana kankare gefe da gindi, kada kan muciyar ya riƙa fitowa sama yana komawa, har launin ya zama ɗaya babu zane-zane. Wasu sukan ɗaura wani murɗaɗɗen ƙarfe a na'urar huda katako ta lantarki su juya da shi, wannan kuwa ba laifi muddin a hankali take tafiya; amma bugun zuma da ƙarfi har ta yi kumfa, ko da yake yana sa ta yi fari ta cika ido, yana rage mata ƙanshi, yana kuma barin farar kumfa a saman kowace kwalba. Idan an gama sai a rufe bokitin ya kwana, iskar da ta shiga ta taso, a yaye kumfar da safe, sa'an nan a zuba a kwalabe busassu tun tana gudu, a rufe su ruf. A Ingila kwalaben da aka saba da su masu giram 454 ne da masu giram 340.

Daga nan sai jira a sanyi. Hikimar digiri 14 ita ce, idan ɗumi ya haura 25 gulukos yakan fi son zama a narke, aikin ya yi nawa ko ya tsaya cik. Idan kuma sanyi ya sauka ƙasa da 10 sai zumar ta yi kaurin da gulukos ba zai iya tafiya a cikinta ya isa ga ƙwayoyin ba, nan ma aikin ya yi nawa. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu, a wajen 14, a nan ne daskarewa ta fi sauri, kuma saurin shi ne ke hana ƙwaya girma. Cikin mako guda zuwa biyu, idan aka karkata kwalba aka ga saman zumar bai motsa ba, to, ta kama. Launinta zai yi haske fiye da yadda yake tana narke, domin ƙananan ƙwayoyin suna mayar da haske, har baƙar zuma takan koma ruwan ƙasa mai haske. In ta fito da tauri fiye da kima, sai a mayar da kwalaben wuri mai ɗumin digiri 27 zuwa 30 na 'yan kwanaki, ta saki, kuma galibi ba ta komawa taurin farko.

Jamusawa suna da tasu hanyar, wadda ta fi cin lokaci amma take ba da laushi na ban mamaki. Su ba sa gaggawar zubawa a kwalba. Sukan bar zumar a bokiti a ɗaki mai sanyi, suna juya ta na 'yan mintoci safe da yamma, kwana bayan kwana, kowace juyawa tana karya ƙwayoyin da suka fara sarƙewa tana watsa su ko'ina, har zumar ta ɗauki wani sheƙi mai fari-fari ta yi nauyin da da ƙyar take gudu, a wannan gaɓar ne suke zubawa. Gane gaɓar nan shi ne gwanintar, domin wanda ya makara da yini guda zai tarar ta kame a bokiti, wanda kuma ya wuce kima wajen juyawa zai sami zumar da ba ta tsayuwa, wadda ke rabuwa biyu daga baya. Mutanen Ingila masu zumar kanola kuwa sukan bi ta baya: su bar ta ta taurare a bokiti yadda take so, tun da ƙwayarta ƙarama ce a ɗabi'ance, sa'an nan su sa bokitin a akwatin ɗumi na wajen digiri 32 na yini ɗaya ko biyu, ta yi laushi ba tare da ta narke ba, su tuƙa ta har sarƙar da ke tsakanin ƙwayoyin ta karye, su zuba a kwalabe.

Aibin da ya fi tayar wa sabon shiga hankali shi ne wani farin zane da kan fito a jikin kwalba ta ciki, musamman idan zumar busasshiya ce kuma sanyi ya buge ta farat ɗaya. Ba ruɓa ba ce, ba kuma cuta ba ce. Zumar ce ta ɗan tsuke ta rabu da gilashi, iska ta shiga tsakanin ƙwayoyin, kuma ana shan ta lafiya lau, ko da yake alƙalan gasa sukan rage mata maki. Wadda ta fito da tsaki maganinta ɗaya ne, a narkar da ita a sake da iri mafi kyau. Wadda ta yi tsami kuwa ba ta gyaruwa, kuma bai halatta a sayar wa mutum ita da sunan lafiyayya ba.

Ko wannan aiki zai yiwu a ƙasar Hausa? Zai yiwu, amma ba a kowane wata ba, kuma ba daidai ba ne a ɓoye wa mai sha'awa wahalarsa. Zafi shi ne babban cikas, domin zumar da ta daskare da kyau, idan ta daɗe a ɗakin da ya kai digiri 30 ko fiye, sai ta fara saki, ta rabu, ruwa-ruwa ya taso sama; bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafi ke haura 40, ba za ta bar ta ba. Lokacin aikin a wurinmu shi ne tsakiyar hunturu, watan Disamba da Janairu, sa'ad da daren Kano da Zariya ke sauka kusa da sanyin da ake bukata, iska kuma ta bushe ba danshin da zuma za ta sha. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango wanda rana ba ta dukansa zai riƙe sanyin dare ya kai shi cikin yini. Mutanen Jos da na tsaunin Mambila, waɗanda tudun ƙasarsu ya ba su sanyi, sun fi kowa dama. Firjin gida sanyinsa wajen digiri 4 ne, ya yi yawa ga daskarwa, sai dai a sa masa na'urar daidaita sanyi ta waje wadda za ta tsayar da shi a 14, amma yana da amfani wajen ajiye wadda ta riga ta kama idan zafi ya shigo. Dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, ita ma ta cancanci a jarraba ta a lokacin rani, da sharaɗin a rufe kwalaben ruf saboda danshin da ke cikinta, a kuma sa ma'aunin zafi a ga inda ta tsaya.

Sa'an nan zumarmu ba iri ɗaya ba ce, domin ƙudan suna kiwo a kan ɗorawa da kaɗanya da gawo da mangwaro da darbejiya da furannin gonaki, kowane yanki da nasa, kowane lokaci da nasa, kuma wadda furuktos ya rinjaya a cikinta ba za ta kama da kyau ba ko an zuba mata iri. Shawarar da zan ba mai amya ita ce, daga kowane ɗiba ya ware 'yar kwalba guda, ya rubuta wata da wurin da ya ɗebo a jikinta, ya ajiye a ɗaki mafi sanyi a gidansa, ya ga wacce ce ke saurin daskarewa da kanta. Ita ce abokiyar aikinsa, da ita zai fara, kuma da kilo ɗaya zai fara kafin ya taɓa bokiti. Wadda za ta dace da wannan aiki kuwa sai wadda aka tsiyaye ko aka matse daga saƙa mai tsabta, ba wadda aka dafa tare da kaki da 'ya'yan ƙuda a tukunya ba, domin wannan ta riga ta sha wuta da hayaƙi, tarkacen cikinta kuma ya fi ƙarfin mataci.

Idan aikin ya yi kyau, kada a sayar ko a shanye duka. A ware kwalba mafi laushi a rufe ta sosai, a ajiye a wuri mafi sanyi da ake da shi, ta zama irin zubi na gaba, a kuma riƙa ɗanɗana ta kafin kowane amfani, domin iri yakan ƙara kaushi kaɗan-kaɗan idan ana ta juya shi daga zubi zuwa zubi, ko idan zafi ya taɓa shi ya saki ya sake kamawa. Duk ranar da harshe ya ji alamar garas, sai a mayar da shi turmi a sake niƙawa kafin a zuba shi a sabuwar zuma.